Rasuwar Filon da Ya Sha Duka Saboda Bincike

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama a kumbure, Auta, 'yar ajin ƙarshe a sashen nazarin halayyar ɗan Adam, take sanar da rasuwar filonta, wanda ya cika jiya da hantsi a ɗakin gwaji.

Mahaifiyarta ce ta ɗura wa marigayin auduga da hannunta ranar da Auta za ta fara jami'a. Ya sha hawayen jarrabawa da yawun barci, bai taɓa tona mata asiri ba.

Ciwon ajalinsa ya fara ne da binciken kammala digiri. Auta na son sanin ko duka na rage fushi. Sai ta tara ɗalibai, ta fusata su da lissafi marar amsa, ta raba su gida biyu: wasu su zauna shiru, wasu su huce a kan filo. Da kowa ya hana ta aron nasa, ta miƙa nata. Bawan Allah ya sha naushi, ya sha shuri. Wani ƙaton ɗan ƙwallo ya yi ta maka shi da bango, wata kuma da saurayi ya yaudara ta kafa masa haƙori. Duk abin da aka taɓa ji daga gare shi, "buf".

Jiya malamin da ke duba aikinta ya kalli alƙaluman ya ce, "Ƙuri'a kika yi wajen raba su?" Ba ta yi ba, barin kowa ta yi ya zaɓa. Masu zuciya a kusa duk sun zaɓi duka, salihai sun zaɓi zama. Ya ce, "To halinsu kika auna, ba duka ba. Sai baɗi."

Filon na kan tebur. Ta shaƙe shi, ta tattake shi, ta farke cikinsa da biro har auduga ta cika ɗakin. Fushin kuwa ko kaɗan bai ragu ba.

Ya rasu ya bar riguna biyu, da katifa, da uwar Auta da ta riga ta ɗinka kayan bikin yaye ɗalibai, wadda har yanzu ba a faɗa wa ba.

Za a binne abin da mai shara ya iya tattarowa yau da yamma, a bayan ɗakin kwanan ɗalibai. Masu ta'aziyya kada su yi gaggawa. Abokan karatun Auta za su tafi, amma ita tana nan ɗaki guda, gado guda, har baɗi war haka, ta yi matashi da hannunta.