Yadda Ake Ƙera Sukundireba Mai Kare Rai a Garin da Ba Wuta

Kai da ka gaji da ƙirar fartanya da lauje, matso kusa. Ga hanyar da za ka zama mai kamfanin sukundireba irin ta masu aikin lantarki, wadda ake lulluɓewa da roba don kada wuta ta ja mai riƙe da ita. Nasara tabbas ce. Gado Maƙeri na Kaura Namoda ya bi matakan nan shekara uku ba wanda ya kawo ƙara, sai da ya yi sake a na ƙarshe.

1. Nemo ƙarfe

Ƙarfe dai ƙarfe ne. Tsinto ragowar rodin gini, ka doke bakinsa ya yi faɗi. Masu manyan kamfanoni na ɓata lokaci wajen auna ƙarfinsa da na'ura. Gado ƙwanƙwasawa yake yi, ya kasa kunne, ya gyaɗa kai.

2. Narka roba

Tara fasassun butoci, ja da rawaya kaɗai, don su ne launin da masu saye suka yarda da shi. Narka su, ka tsoma ƙarfen har kusa da baki. Inda robar ta yi kauri, inganci ne. Inda ƙarfe ke leƙowa, ka ce an rage ne don ta shiga lungu.

3. Buga ƙusa

Asirin yana nan. Da robar ta huce, mariƙin zai fara girgiɗi, kuma abin kunya ne ga ɗan gado. Tun zamanin kakan Gado wuƙa ba ta fita maƙerarsu sai an ratsa ƙotarta da ƙusa. To, huda mariƙin nan ka buga masa ƙusa har ta kama ƙarfen ciki. Gaskiya ne yanzu ƙusar tana taɓa ƙarfe ta ciki, tana taɓa tafin hannu ta waje, wato ka gina wa wuta gada. Gado ya san haka, ba wawa ba ne. Shafa jan fenti a kan ƙusar. Wuta ba ta da ido, mai saye ne ke da shi.

4. Gwada a gaban jama'a

Buga 1000V a jiki, irin yadda ka gani a ta kanti. Sannan ka ɗauka zuwa kasuwar Shinkafi ran Alhamis, ka nemi shago mai soket, ka yi bisimilla da ƙarfi, ka cusa ta ciki. Tsaya kana murmushi. Sai dai ka fara tambayar mai shagon a asirce kwana nawa rabonsu da wuta. In ya ce tara, gwada har sau biyu.

5. Zaɓi abokin ciniki

Nemi irin Sirajo mai wayarin na Zurmi, wanda aikinsa a sababbin gidaje ne da ba a ja musu wuta ba tukuna. Irinsa zai yi ta yabonka gari gari da zuciya ɗaya.

6. Kada na gida su yarda da kai

Nan Gado ya faɗi. Ya yi ta cika baki a tsakar gida har 'yarsa Rahina, mai koyon aikin lantarki a makaranta, ta ɗauki maganarsa gaskiya. Wata safiya Sirajo na tsugune a maƙera yana zaɓen sababbi, sai ga ta da jaka a kafaɗa, ta miƙa hannu ta zari ɗaya.

"Baba, yau muna da gwajin aiki," in ji ta. "Janareta za a tayar. Kowa na tahowa da ta kanti, ni ko taka zan riƙa, su ga aikin Kaura."

Tsoro ya kama Gado, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya dubi Sirajo, ya dubi hannun yarinyar, babban yatsanta daidai kan jan fentin. Ƙwararre da sai ya ce wannan an riga an saya. Gado ya ma fara, ya ce, "Wagga ta Sirajo ce." Rahina ta aje, ta ɗauki ta kusa da ita.

"Aje ta, ɗiyata."

"Don mi, Baba?"

"Akwai ƙusa ciki. Tana iya kashe ki."

Rahina ta aje a hankali, ba ta iya kallonsa ba. Sirajo ya zaro tsohuwar tasa daga aljihu, ya kankare fentin da farce har kan ƙusar ya fito, ya daɗe yana dubansa.

"Baba Gado," ya ce, "shekara ukku ina riƙon wagga. Ni ban da uba ne?"

Gargaɗi

Mai wannan jagora ba ya ɗaukar alhakin kowa. Wanda wuta ta ja, ya tuhumi wanda ya kawo ta ba sanarwa. Shi kuwa Gado, an cire shi daga jerin ɗalibanmu. Ranar Alhamis da ta wuce an gan shi a Shinkafi da buhu a kafaɗa, yana bin rumfa rumfa yana tambayar wa da wa suka taɓa sayen jar sukundireba, kuma har la'asar huɗu kawai ya samo.