Rasuwar Injin Faskaren Aulis Kemppainen a Tsakiyar Tafki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da bakin da aka daɗe ana roƙo ya yi shiru, Aulis Kemppainen na ƙauyen Koivuperä, tsohon malamin makaranta, mijin marigayiya Helvi, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar injinsa na faskaren itace. Marigayin ya riga mu gidan gaskiya ranar Talata, ashirin da biyu ga Afrilu, da misalin ƙarfe biyu na rana, yana da shekara goma sha tara. Ya rasu cikin ƙoshin lafiya. Ba ciwo ne ya kashe shi ba, suruki ne.

Marigayin ya shigo gidan nan ne a shekarar da kafaɗar maigidan ta dama ta daina ɗaga gatari sama da ƙirji. Helvi ce ta zaɓe shi. Ta sa wani gungume mai ƙulli uku a bayan mota, wanda ya gagari mijinta tsawon hunturu biyu, ta kai shi shagon injuna a birnin Kajaani, ta dire a gaban mai shago.

"Baiwar Allah, wannan ai sai dai a ƙone shi ɗungurungum," in ji mai shagon.

"Ban zo neman shawara ba," in ji Helvi. "Wanda ya raba shi biyu, shi zai bi mu gida."

An gwada ƙaramin inji mai aiki da lantarki, ya yi kukan sauro ya tsaya. Mai tsinin ƙarfe mai juyawa kuwa ba ta ma bari an kunna ba, domin irinsa ne ya kama safar hannun maƙwabcinsu Onni Moilanen ya tafi da yatsu biyu. Sai aka turo marigayin a kan tayoyinsa biyu, ja, mai nauyi, mai warin fetur. Ya yi tari sau ɗaya, ya ce tuf-tuf-tuf, ya tura gungumen a hankali zuwa bakin ƙarfe. Aka ji ƙiii, sannan ɓas. Tun daga ranar bai taɓa faɗin wata magana bayan waɗannan ba, kuma bai taɓa faɗinsu a banza ba. Maigidan ya koyar da yara shekara talatin da takwas, ya karanta abin da ya sawwaƙa, bai gamu da mutum ɗaya da za a yi wa wannan shaidar ba.

Ya kasance mai riƙon lokaci. Kowa a nan ya san itacen da aka sare da hunturu dole a faskara shi kafin iskar Mayu ta wuce, in ba haka ba ya shiga wani hunturun da danshinsa, ya ba ka hayaƙi maimakon wuta. Shekara goma sha tara rumfar itacen Kemppainen ba ta taɓa kai tsakiyar Mayu da gurbi ba. Masu wucewa sukan rage gudu su duba layukan. Bai taɓa neman hutu ba, bai taɓa ciwon baya ranar aiki ba, bai taɓa tsayawa a tsakar gida yana bayyana wa dattijo yadda ake yi a Helsinki, babban birni, ba. Ranar da aka binne Helvi, mutane sun ci kek sun sha kofi sun watse. Shi kaɗai ya tsaya da maigidan har yamma, suka faskara abin da ya samu.

Ya kamata jama'a su san muƙamin da marigayin ke riƙe da shi a gidan. Bayan rasuwar Helvi, 'yarsu Marjut ta zaunar da mahaifinta ta ce, "Baba, ba zan yi faɗa da kai ba. Muddin kana cika rumfar nan da kanka, zauna abinka. Shekarar da ta kasa cika, ka tattara ka zo Kajaani." A Kajaani akwai wani gidan tsofaffi mai hawa biyar, inda zafi ke fitowa daga ƙarfen jikin bango, ba ya tambayar kowa itace, ba ya tambayar kowa komai. Shekara shida marigayin ne ke tsaye tsakanin Aulis da wannan bangon.

Game da jinyarsa ta ƙarshe, ta ɗauki kamar minti huɗu. Mijin Marjut, Ilpo, mutumin kudu, wanda kamfanoni ke biya don ya koya wa ma'aikata kauce wa haɗari, ya zo aron marigayin. Yana so ya faskara itacen sauna, wato ɗakin wankan tururi, a bukkarsu ta tsibiri, kuma ya ga ya fi sauƙi a ɗora inji a kan katakon da ake ja a bayan babur ɗin ƙanƙara a ratsa daskararren tafki, da a jira ƙanƙara ta narke a sa shi a kwalekwale. Maigidan ya leƙa ta taga ya ga ƙanƙarar ta yi duhu, launin tsohon bokiti.

"Ilpo, ƙanƙarar nan ta ruɓe."

"Haba Aulis, kaurinta santimita arba'in ne. Ni da kaina na auna, ga shi a waya."

"Yaushe ka auna?"

"Fabrairu."

"To ka kira Fabrairu ta zo ta raka ka."

Ilpo ya yi dariya, ya dafa kafaɗar nan mai ciwo, ya ce tsofaffi da tsoro. Maigidan ya shiga ciki neman tabarau don ya nuna masa inda ruwa ke gudu a ƙarƙashi, a matsatsin da ke gab da tsibiri. Kafin ya fito an tafi. Onni, wanda ke zaune a bakin gaɓa, ya ga komai. Ya ce mutumin ya nufi matsatsin nan kai tsaye kamar an aike shi. Katakon ya fara nutsewa ta baya, Ilpo ya zare ƙugiyar da ta haɗa shi da babur, babur ya tsira da shi. Marigayin ya ɗan tsaya da hancinsa a sama, ya ce bul-bul, ya sauka. Ba a taɓa jin wannan kalmar a bakinsa ba.

Iyalin suna kuma sanar da cewa Ilpo ya fita lafiya, ko takalminsa bai jiƙe ba. Ana roƙon jama'a su daina kira suna taya murna. Wasu sun ce ya daɗe yana auna ɗakunan gidan nan da ido, yana maganar yadda zai yi kyau a matsayin gidan hutun bazara. Maigidan ba ya zarginsa da yin abin da niyya, domin niyya tana buƙatar tunani. Ilpo ya dawo ya tsaya a ƙofa da hularsa a hannu ya ce, "Wataƙila ma alama ce, Aulis." Kwana uku bayan haka Marjut ta zo da miyar kifi a tukunya, da takardar neman shiga gidan tsofaffin nan, mai hoton tsofaffi suna murmushi a gaban talabijin. Da aka yi maganar sayen wani injin, ta ce, "Baba, shekararka tamanin da ɗaya. Wa zai gaje shi?" Ta ajiye takardar a ƙarƙashin gwangwanin sukari.

Marigayin ya rasu ya bar gatari ɗaya mai tsagaggen ƙota, da baro, da rabin galan na mai, da sabon tiyo da aka saya masa bara bai kai ga sawa ba. Ya bar gungume tuli guda a bayan gida, tsayin mutum, ko ɗaya ba a taɓa ba. Ya bar Onni, mai yatsu takwas, wanda ya zo gaisuwa ya dubi tulin ya ce, "Kai tsoho, ka fara koyon wasan kati, can shi suke yi." Ya kuma bar maigidan, wanda ya gwada gatarin ranar Alhamis, ya faskara guda shida, ya kwanta kwana biyu.

Ba za a ga gawa ba, tana ƙarƙashin ruwa mita goma sha ɗaya, kuma fasto ya ce ba huruminsa ba ne. Za a yi jana'iza ranar Asabar ta farkon Mayu, ƙarfe takwas na safe, a bayan gidan Kemppainen, kusa da tulin. Ba a buƙatar furanni. Kowa ya zo da gatarinsa. An san gidaje bakwai suka rage a ƙauyen, kuma ƙaramin cikin mazan shekararsa sittin da takwas. Wanda ba zai iya sara ba ya jera, ɓawo a sama. Za a ba da kofi da burodin kirfa bayan layi na biyu ya kai rufi, ba kafin nan ba. An ware wa Ilpo masu ƙulli.

Marjut za ta zo duba rumfar ranar Lahadi, da biron cike takardar nan. Idan ba ta cika ba, za a wuce da gawa ta biyu ranar Litinin zuwa Kajaani, hawa na huɗu, ɗakin da tagarsa ke kallon wurin ajiye motoci. Ba a neman masu ɗauka. Wannan tana tafiya da ƙafarta.