Yadda Za Ka Koya wa Malamai Koyarwa Ba Tare da Alli Ya Taɓa Hannunka Ba

Ɗan'uwa, matso kusa. Ni ne Bambo Kachingwe na Zomba, wato Malam Kachingwe a harshenmu, masanin tsara darussa. Shekarata goma sha ɗaya ina shirya wa malaman firamare bita a kudancin Malawi, kuma ko sau ɗaya ban taɓa komawa gida da ƙurar alli a rigata ba. Bi matakan nan yadda na jera su. Na yi maka alkawari kafin damina biyu za a riƙa miƙewa tsaye idan ka shigo.

Mataki na 1: Kada ka leƙa aji

Littattafai za su ce ka fara binciken abin da masu koyo ke buƙata. Ƙyale su. Ranar da ka ga yara ɗari zaune a ƙasa suna rabon littafi bakwai, duk tsarinka ya rushe. Zauna a ofis ka ƙaddara buƙatunsu da kanka. Ya fi tsabta.

Mataki na 2: Yi laccar awa uku kan illar lacca

Kunna majigi, ka haska shafi tamanin. Taken shi ne: ɗalibi ya yi magana, malami ya saurara. Kada ka bar kowa ya katse ka. Jefa sunan wani Bature da ya mutu tun kafin a haifi kakarka, ka zana dala mai hawa shida. Wanda bai gane ba zai zargi kansa ne, ba kai ba.

Mataki na 3: Raba su rukuni-rukuni, ka tafi shan shayi

Ba kowane rukuni babbar takarda da alƙalami mai launi. Ko me suka rubuta, a manna a bango a tafa. Ilimin da aka manna a bango ya riga ya shiga, sai dai a ɗauki hoto.

Mataki na 4: Tsare kanka daga mai tambayar gaske

A kowace bita akwai mutum ɗaya. A tawa ta bara, Mayi Nankhoma ce, wato Malama Nankhoma, wata dattijuwa mai koyar da aji biyu a wani ƙauye bakin tafkin Chilwa, shekara ashirin da shida tana abu ɗaya. Ta ɗaga hannu ta ce, "Bambo, yarana ɗari da uku ne. Idan na raba su biyar-biyar, rukuni ashirin ke nan da ɗoriya. Ni kuma ƙafata biyu ce. Wajen wa zan fara zuwa?"

Ka yi murmushi ka ce, "Mayi, tambaya mai kyau! 'Yan'uwa, me kuke gani?" Idan ɗakin ya yi tsit, ka ce za a dawo kanta bayan abinci. Ba a dawowa.

Mataki na 5: Raba takardar jin ra'ayi bayan an ƙoshi

Bari sai nsima, tuwon masararmu, da soyayyen kifi sun zauna a ciki. Tambaya ta farko: yaya abincin? Daga nan hannu ya saba da rubuta "madalla".

Mataki na 6: Idan aka ja ka zuwa aji, kada ka suma

Nan ne na kusa rasa abincina. Mis Gondwe, jami'ar ƙungiyar da ke ɗaukar nauyinmu, wadda sabunta kwangilata ke hannunta, tana zaune a baya ranar bitar, ashe ta ji tambayar dattijuwar. Ta ce, "Bambo Kachingwe, ranar Talata mu je ajinta ka nuna mana a aikace."

Muka je. Ɗaki ba benci, yara har bakin taga. Mayi Nankhoma ta miƙo mini alli da hannu biyu, ta ce, "Ɗebewa muke yi, Bambo. Hamsin da biyu a cire goma sha bakwai. Ga 'ya'yanka nan."

Na sa hannuwana a aljihu na ce su kasu biyar-biyar. Wayyo! Wasu suka yi waje, biyu suka kama kokawa, wata ta fashe da kuka an taka mata yatsa. Na ce su tattauna yadda suke ji game da lamba bakwai. Wata yarinya mai gibi ta ce, "Mayi, baƙon nan ba shi da lafiya ne?" Na waiga, Mis Gondwe tana rubutu.

Dattijuwar ta tafa sau uku, ɗakin ya nutsu. Kowane yaro ya zazzage tsinkaye daga aljihu, ɗauri goma-goma. Ta ce, "Biyu ba za ta iya ba da bakwai ba. Me za ta yi?" Suka amsa da baki ɗaya, "Ta kwance ɗauri!" Kafin minti goma, har mai kukan nan ta ɗaga tsinkaye talatin da biyar tana dariya.

Mataki na 7: Raɗa wa abin suna

A mota Mis Gondwe ta ce, "To, me na gani yau?"

Ban ko ƙifta ido ba na ce, "Madam, da gangan na rikita ajin, don ki ga bambanci. Abin da ya biyo baya shi ne sabon tsarina, Koyo ta Hanyar Kwance Ɗauri. Mayi Nankhoma tana cikin waɗanda suka fara kamawa."

Aka sabunta kwangila, aka buga littafin jagora da sunana a bango. A watan jiya aka gayyato Mayi Nankhoma bitar kwana uku don ta koyi tsarin. Ta zauna a gaba, ta saurari shafi tamanin. Da na miƙa mata takardar shaida, ta duba gaba da baya ta ce, "Na gode, Bambo. Bayanta fari ne, yara za su yi lissafi a kai."

Hattara

Abin da ke sama shawara ce kawai. Idan ka bi, aka kama ka a gaban aji, ban san ka ba. Idan ɗanka ya gama firamare bai iya karanta sunansa ba, tuhumi malaminsa, shi ya ƙi aiki da abin da aka koya masa. Kada ma ka wahalar da kanka nemana a ofishin ilimi. An yi mini canji zuwa ɓangaren lafiya, ranar Litinin zan fara horar da ungozomomi.