Huffin Baba da Rawar Jojiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar nan ba ko da na so, don gwiwata ta hagu tana tuna mini ita a kowace sallah.

Mahaifina ɗan koroso ne. A Koki kowa ya san shi, tun zamanin da in ya ɗaura koroson nan a ƙafa ya buga ƙasa, har mata ke leƙowa ta kan katanga. Ni kuwa na tashi ina jin haushin abin. A makaranta "ɗan mai rawa" ake ce mini, kuma ba yabo ba ne. Da na zama malami a wata makarantar kuɗi wajen Ƙofar Ɗan Agundi, sai na rufe maganar ruf. In an tambaye ni sana'ar Baba, sai in ce ɗan kasuwa ne (yana sayar da goro kam, ban yi ƙarya duka ba).

Wata rana wani abokina da ya yi karatu a Jojiya, wata ƙasa can kusa da Rasha, ya nuna mini rawarsu a waya. Kai jama'a! Maza cikin baƙar riga doguwa, harsasai jere a ƙirji, suna tafiya a kan yatsun ƙafa, su yi tsalle su dira a kan gwiwa suna juyawa. Ya ce a can mai rawa mutum ne mai daraja, ƙasa ke alfahari da shi, tun suna yara ake koya musu. Raina ya ɓaci. Na ce ka ji inda aka san mutunci, mu nan sai raini.

Ana cikin haka shugabar makarantarmu, Hajiya, ta ɗora mini shirin ranar al'adu. Ta kira ni ofis ta ce, "Malam, an ce mini mahaifinka ɗan koroso ne. Ka gayyato mana shi mana."

Ashe 'yata Ummi, da ke aji uku a makarantar, ta riga ta kai wa kakanta labari. Na je gaishe shi na tarar ya ciro tsohon koroson daga buhu, yana sake masa igiya. Ya ce, "Ƙafar nan ta fara ƙi na. Amma zan iya sau ɗaya, Ummi ta gani da idonta. Ba ta taɓa ganina a fili ba."

Ka san abin da na ce? "Baba, ai wannan karon abin na ƙasashen waje ne. Sai wata shekara." Ya ci gaba da ɗaurin igiyarsa. Ni kuma, da rashin ta-ido irin nawa, kafin in fita na ari huffinsa na fata wanda yake sawa da sanyi, don na lura takalman 'yan Jojiya masu laushi ne kamarsa.

Tela a Mandawari ya ɗinka mini rigar, yana yi yana kallona. Wurin harsasai na yanka asuwaki na jera. Atisaye kuwa a kan katifa na yi ta yi, matata tana cewa, "Malam, wai lafiya kuwa?" Ina ce mata ba za ta gane ba, al'ada ce ta manyan ƙasashe.

Ranar ta zo. Iyaye sun cika zaure. Na karɓi lasifika na yi dogon jawabi a kan yadda wasu ƙasashe ke girmama gadonsu, mu kuma mun yi watsi da namu (ni fa, ni ne nake faɗar wannan). Aka saki kiɗa. Na ɗage kai, na buɗe hannuwa, na hau kan yatsu. Wallahi daƙiƙun farko har tafi na ji.

Abin da ban lissafa ba shi ne, zauren tayil ne, kuma an goge shi da safe. Huffi a kan tayil bai san birki ba. Na yi tsallen nan na dira, gwiwa ta ce ƙas, wando ya ce kyat daga gaba har baya, na zarce da santsi sai ƙarƙashin teburin manyan baƙi. Asuwaki ya watse ko'ina. Wani Alhaji ya sunkuya ya ɗauki ɗaya ya ce, "A'a, har da tsaraba?" Zaure ya fashe da dariya, wayoyi duk a sama.

Na kasa tashi. Cikin masu ɗaga ni sai na ji wani sauti a gefen kunnena, kacau, kacau. Baba ne. Ashe ya zo ya zauna can baya, da buhunsa a rataye, ko za a ce akwai sauran lokaci. Ya kama ni ta hammata, ya cire rawaninsa ya ɗaura mini a ƙugu don ya rufe inda ya yage. Muna fita ya tambaye ni a hankali, "Su mutanen can, a waya suka koya, ko a wajen iyayensu?"

Wata shekarar da na yi masa alkawari ta zo, amma ƙafar ta riga ta tafi. Yanzu da sanda yake zuwa masallaci. Koroson yana buhu, ba wanda ya iya shi a gidanmu. Ɗalibai har gobe Malam Jojiya suke ce mini a bayan ido, wannan ban damu ba. Abin da ke ci mini rai shi ne Ummi. Rawa ɗaya tak ta taɓa gani daga zuri'armu, ita ce ta ubanta yana shigewa ƙarƙashin tebur, kuma tana nan a wayar kowa.

Darasi? In za ka raina rawar ubanka, aƙalla ka duba ƙasan da za ka faɗi. Ni dai ga abin da na samu: duk sanda na kai sujada, gwiwar nan sai ta yi ƙara, Baba yana gefena a sahu yana ji. Iyakar koroson da na gada ke nan.