Ɗigo-Ɗigon Takardun Marigayi

Ko zan manta da komai a duniya, ban da ranar da na tsaya gaban dattawan Zurmi ina kaɗa musu bayan kwano.

Ni fa mayen tsofaffin waƙoƙin noma ne. Babu wanda ya koya mini, a waya na yi duk karatuna. A can na ga yadda Turawa ke rubuta kiɗa da ɗigo-ɗigo, suna adana takardun mawaƙansu kamar zinari. To sai abokina ya ce ai marigayi kakansa mawaƙin noma ne, ya bar akwatin ƙarfe cike da waƙoƙinsa da ajami. Washegari na hau mota daga Kaura zuwa Zurmi.

Na roƙi Inna Tumba, matar marigayin, ta bar ni in ɗauki hoton takardun kafin damina ta gama da su, don ɗakin yana yoyo. Ta ce in duba dai, amma hoto sai Baba Nomau ya yarda, tunda shi ya kaɗa wa maigidanta ganga tun suna samari.

Allah ya jiƙan bawan nan! Rubutu kamar zanen hula. Kowace waƙa da sunan gonar da aka fara rera ta, wani baitin sai da ya soke shi sau uku kafin ya gamsu. Abu ɗaya ya ɓata mini rai, wasu ƙananan huji a ƙarƙashin layuka (na ce shi ke nan, gara ta fara). Can sai idona ya faɗa kan wasu baƙaƙen ɗigo a saman kalmomi, nan ɗaya, can uku a jere. Kiɗa! Ashe mu ma muna da namu!

Kwana biyu ina kwafe su. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, Baba Nomau ya zo zaure da abokansa. Na gyara hula, na yi bayani: ɗigo ɗaya bugu ɗaya, uku a jere sauri. Na kife kwano na fara kaɗawa (ka taɓa jin awaki na gudu kan rufin kwano? To haka).

Baba ya bari na ƙare. Ya ce, "Ɗan nan, wanga kiɗi ina kas samo shi?"

"Na marigayi ne, Baba. Ga shi a rubuce."

Ya karɓi takardar, ya kai ta dab da ido, ya sa farce ya kankare ɗigo ɗaya. Ɗigon ya faɗi.

"Ai kashin ƙuda na." Ya juya wajen ƙofar cikin gida. "Tumba, mi nic ce miki? Ki riƙa ruhe akwatin ga!"

Wani tsoho ya ce, "Ku bar yaro, ƙudan ya iya kiɗi, 'yan amshi ne bai samu ba." Zaure ya ɓarke da dariya. Ni kuwa ina riƙe da kwano, na rasa inda zan ajiye shi.

Baba bai yi dariya ba. Ya juya takardar, ya rufe ido, ya bi bayanta da yatsa, daidai kan hujin da na ɗora wa gara laifi.

"Ni ban yi karatu ba," in ji shi. "Shi ya sa marigayi yake huda mini takarda da allura, duk inda ganga za ta shiga. Da hannu nike haddacewa."

Ya fara bugun gwiwarsa, yatsa na tafiya. Daga bayan ƙofa muryar Inna ta ɗauki amshin, ta kai tsakiya ta kasa ƙarasawa.

Da ya buɗe ido ya miƙo mini takardar. "Ɗauki hotonka. Amma ɗaga ta ga rana, hujin ya fito."

Haka na ɗauke su duka, ɗaya bayan ɗaya, rana na ratsa aikin allurar marigayi. Yanzu duk tsohuwar takardar da ta shigo hannuna, sai na nemi wanda ya fi kowa tsufa a gidan kafin in buɗe baki. Sunan dai ya riga ya bi ni. Ina sauka tashar Zurmi ake cewa ga Makaɗin Ƙuda ya iso.