Rasuwar Amarya, Talabijin ta Gidan Misra

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, iyalan Pandit Jokhan Misra na ƙauyen Pipraha suna sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan zaman tabarma rasuwar talabijin ɗinsu, wadda kowa ya sani da suna Amarya. Ta cika ranar Lahadin da ta gabata da hantsi, a kan teburinta da ke rumfar tsakar gida, tana da shekara talatin da 'yan kai, furannin safiya na rataye a wuyanta. Maigidan ya ce a rubuta alherinta duka, a kuma rubuta abin da ta yi masa, kada a rage ko ɗaya.

Marigayiyar ta shigo Pipraha a kan amalanken shanu, lulluɓe da jan mayafi, shi ya sa matan unguwa suka tare ta da waƙar biki suna dariya, sunan kuma ya bi ta har tsufa. Ɓaunar da ke ba gidan madara Jokhan ya sayar ya kawo ta. Matarsa Sukhraji ta yi kwanaki tana dire masa abinci ba ta ce masa ko ci kanka ba. Amma yana da dalilinsa. Duk kaka, in an kafa dandamali a filin makaranta don wasan tsohon labarin nan na yariman da aka kora daji, Jokhan ne ke fitowa a matsayin sarki mai kawuna goma, wanda ya sace matar yarima. A wurin mahaifinsa ya gaji aikin, tare da kambun katako mai jeren kawuna tara. Da ya ji za a riƙa nuna labarin a talabijin duk Lahadi, sai ya ce lallai ya ga yadda mutanen birni za su riƙe masa sarkinsa.

Shaidar da za a yi wa Amarya a shekarunta na farko mai kyau ce, ko maƙiyinta ba zai musa ba. Ranar Lahadi ba mai zuwa gabanta sai ya yi wanka. Takalma a ƙofar gida ake barinsu, su taru har su tare hanya. Sukhraji, wadda ta huce tun tuni, ita ke ɗiga mata jan gari a goshi, ta rataya mata furanni, ta kunna turare, ta yayyafa mata ɗigo biyu na ruwan Ganga, kogin da suke ɗauka mai tsarki. In aka murɗa ta, sai ta yi "ziiii" na ɗan lokaci, mai haƙuri da rashin gaggawa, kafin busar ƙaho da ƙararrawa su fito, tsofaffi su haɗa tafin hannu. In iska ta juya sandar eriya da ke kan rufi, takan yi "shaaa" kamar an jefa puri, wainarsu ta alkama, a mai. Mari ɗaya a kuncinta na hagu ya ishe ta ta dawo hayyacinta, ba ta taɓa riƙe abin a zuciya ba. In an ɗauke wuta, da batirin tarakta take aiki, ba ta raina ba.

Kuma a wancan zamanin ba ta ba maigidanta kunya ba. Sarkin da ta nuna masani ne, mai tashi ibada tun duku-duku, mai kaɗa tsirkiya har fadawa su yi hawaye, mai magana a tsanake. Girman kai ne kaɗai ya kai shi ya baro. Duk sanda ya fito, rabin tsakar gidan sai su waiwayo su dubi Jokhan.

"Pandit," in ji Lala Bhagelu mai shagon hatsi, wanda shi ne shugaban masu shirya wasan, "wannan ai tafiyarka ya sata."

"Ya yi ƙoƙari," in ji Jokhan yana murza gashin baki. "Dariyar ce dai bai iya ba. Daga wuya yake yinta."

Gaskiya ya faɗa. Dariyar Jokhan daga ƙasan cibiya take tasowa, ta hau a hankali, kafin ta kai ƙarshe tsuntsayen da ke kan mangwaron makaranta sun watse, yara sun shige bayan iyayensu. Bai taɓa faɗa wa kowa ba sai Sukhraji, amma ya daɗe yana jiran ranar da masu kyamara za su ɓato hanya su zo Pipraha, Amarya ta nuna shi ko da na ƙiftawar ido ne. Ta nuna 'yan kokawa, ta nuna masu tallan sabulu, ta nuna wani akuya mai ƙafa biyar. Mutumin da ya sayar da ɓauna dominta ba ta nuna shi ba.

Ciwon ajalinta ya fara ne bara. Tinku, ɗan ƙanwar Jokhan, wanda a gidan ya tashi bayan mutuwar ubansa, yanzu kuma yake da ɗakin ɗaga ƙarfe a bakin tasha, shi ya zo ya kafa farantin tauraron ɗan Adam a kan rufi, ya ɗaura wa tsohuwa wata 'yar baƙar akwati a gefe. Ya ce an sake yin labarin sabo fil, Kawu zai ji daɗi. Aka yi wanka kamar yadda aka saba, aka ɗiga jan gari, aka zauna. Sai ga wani ƙato tsirara daga ƙugu zuwa sama, jiki duk zane, gashi a tsaye kamar na zakara, yana gurnani yana harbin bayi da ƙafa. Kawunan tara ba a wuyansa suke ba, shawagi suke yi a iska kewaye da shi kamar ƙudaje a kan nama.

"Wane ne wannan?" in ji Jokhan.

"Sarkinka ne mana, Kawu."

"Sarkina ba ya tofa wa baransa yawu."

Ya tashi a gaban jama'a ya je ya yi mata marin nan na hagu, wanda bai taɓa kasa gyara ta ba. Hoton ya ƙara fitowa tangaran. Jama'a suka kwashe da dariya, ya koma ya zauna.

Abin da ya fi ci masa rai, tsakar gidan da wayar hannu ta kwashe wa mutane shekara da shekaru sai ga shi ya sake cika. Suna zuwa duk Lahadi, su sha shayinsa, su zauna a tabarmarsa, su tafa wa ɗan daban nan. Ita kuwa Amarya kamar an mayar mata da ƙuruciya. Ba "shaaa", ba ɗaukewa, murya garau. Ai ko kare ka ciyar shekara talatin ya san wanda ba zai yi wa haushi ba.

Lahadi biyu da suka wuce, shirin talabijin na ƙarewa, kafin mutane su nemi takalmansu, Lala Bhagelu ya gyara murya.

"Pandit, ka dai gani da idonka. Yaran yanzu irin wannan suke so. Bara kana tsakiyar jawabi rabin fili waya suke latsawa."

"Lala, in sarkin nan ɗan daba ne, to yariman da ya kashe shi wane abin kirki ya yi? Ai ko ɗan sandan tasha zai iya."

"Ba musu na zo yi ba. Mun zauna, mun ba Tinku matsayin sarkin. Kai sai ka huta a bayan labule, in sun manta magana ka tuna musu."

Jokhan ya dubi Tinku, Tinku ya dubi yatsun ƙafarsa. Sai ya dubi Amarya. Ita da kan ɗauke ko hankaka ne ya sauka a kan sandar rufi, ranar ko ƙiftawa ba ta yi ba. Tallan man goge baki take yi da iyakar muryarta, furannin da matarsa ta tsinko na lilo a ƙirjinta. A gidansa aka tsige shi, a gaban abin da ya kawo garin da hannunsa.

Duk da haka ya danne zuciyarsa. Ya ce jini ɗaya ne, kambu dai bai bar gida ba. Washegari ya sauko da shi, ya goge kawunan ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe a farin ƙyalle, ya ɗauka a ka har ɗakin ɗaga ƙarfe. Tinku ya sunkuya ya taɓa ƙafafunsa, ladabi dai ba a raina masa ba, sannan ya ce, "Kawu, ka ajiye abinka. Nauyi gare shi, kuma zai rufe min kafaɗu. Na sayo na roba a birni, idanunsa ma suna kawo wuta." Jokhan ya dawo da kayansa a ka ta tsakiyar kasuwa, kowa na kallo. Ya ɗora kambun a kan randar shinkafa, ranar bai ci abinci ba, washegari ma ɗan shayi kawai ya kurɓa.

Sukhraji ba mai yawan magana ba ce. Ta yi mako tana kallon mijinta yana ramewa. Ranar Lahadi ta tashi ta yi duk abin da ta saba, jan gari, furanni, turare. Aka kunna, mutane suka zauna, ƙaton nan ya fito yana gurnani. Sai ta ɗauko tulun tagulla na ruwan Ganga, wanda ta yi shekaru tana tsakurar ɗigo biyu daga ciki, ta zagaya baya, ta ce abin da ya ƙazantu wanka yake so, ta juye shi duka ta ramukan shan iska. Kalaman ƙarshe na marigayiyar, kamar yadda waɗanda ke kusa suka shaida, su ne "fsss", sai "tas". Hayaƙi ya tashi ya haɗu da na turare. Ƙaton ya tsuke ya zama farin ɗigo a tsakiyar gilashi, ɗigon ma ya tafi.

An kira Nafis mai gyara, likitanta tun tana budurwa. Ya kwance bayanta, ya karkata ta, ruwa ya zubo masa a gwiwa.

"Wannan ba tsufa ba ne. Wa ya yi mata wanka?"

"Ruwan Ganga bai taɓa kashe kowa ba," in ji Sukhraji.

"Mutum ke nan, Inna. Wannan ba mutum ba ce."

"In ba mutum ba ce, yaya aka yi ta iya cin amana?"

Nafis ya tattara kayan aikinsa. Jokhan kuwa da rana ya ci puri shida, ya nemi ƙari.

Marigayiyar ta bar tsohuwar sandar rufi, wadda yanzu hankaki ke zama a kai, da ƙyallen rufinta mai aikin hannu da Sukhraji ta saƙa, da filayar da ake murɗa ta da ita tun da maɓallinta ya karye. Ta bar 'yar baƙar akwatin nan, wadda iyalin ba su amince jininsu ba ce, mai ita ya zo ya ɗauki abarsa. Ta bar dattijo guda da ta raba da aikin ubansa, da kambu mai kawuna tara da ba shi da magaji. Iyalin sun yafe mata kuɗin wuta da daren da aka yi ana riƙe mata sanda a kan rufi cikin ruwan sama. Sauran kuma tsakaninta da Ubangiji.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Za a yi ta ranar goma ga bikin kaka, ranar da ake ƙona gunkin takarda na sarkin a filin makaranta. Ba za a yi wa gawa wanka ba, an riga an yi. Nafis ya cire gilashi da kayan ciki, saura akwatin katako, a buɗe gaba da baya. Da la'asar za a ɗora ta a teburinta karo na ƙarshe. Pandit Jokhan Misra zai sa kambunsa, ya zauna a bayanta, ya yi jawabin sarki na ranar mutuwarsa tun daga farko har ƙarshe, da dariyar. Ta cikin ramin gilashin za a gan shi. An gwada jiya, fuskarsa ce kawai ta shiga, sauran kawunan sun yi mata yawa, sun fito ta dama da hagu. Haka za a bar su. Abin da ta hana shi tana da rai za ta yi shi tana gawa.

Daga nan za a ɗauke ta a makarar gora zuwa fili, a sa ta a cikin cikin gunkin tare da kambun, masu ɗaurin gunkin sun yarda sun bar ƙofa a baya. Wuta za ta tashi da faɗuwar rana. Jokhan ba zai zauna bayan labule ba, wanda ya manta maganarsa ya tambayi wayarsa. Ba a karɓar gaisuwar ta'aziyya ranar Lahadi da safe, kuma ba a buƙatar gudummawar sabuwar talabijin, wanda ya kawo zai koma da ita a ka ta tsakiyar kasuwa. An keɓe wa Lala Bhagelu da Tinku wuri a tabarmar gaba.

Masu zuwa tsakar gida da la'asar su yi wanka, su zo da wuri, su cire takalma a ƙofa. Wannan karon ba don ita ba.