Jirgin Minti Ashirin, Tafiyar Yini Guda

Jiya, ya ku masu karatu, na gwada sababbin filayen jirgin saman nan biyu da aka daɗe ana yi mana shelarsu. Autata ce ta kammala karatun jinya a wani gari, kuma abu ɗaya ta roƙe ni: kada a kira sunanta ba na zaune a zauren. Na yi mata alkawari hankalina kwance, domin na ji Mai Girma Uban Ayyuka a rediyo yana cewa tafiyar da take cin awa guda a sama yanzu ta koma minti ashirin.

Gaskiya ya faɗa, Allah ya ƙara masa lafiya. Abin da bai samu sukunin bayyanawa ba shi ne dabarar. Ba gudu aka ƙara wa jirgin ba, filayen aka matso da su kusa da juna. An kai namu can bayan gari, an kai nasu can bayan gari, kowanne ya nufo ɗan'uwansa.

Ina idar da sallar asuba na shiga tasi. Muka wuce gidaje, muka wuce gonaki, har gidajen mai suka ƙare. Na ce, "Malam direba, anya ba mu wuce wurin ba?"

Ya ce, "Hajiya, saura dai. Ni da za ki ji shawarata, ki bar ni in ƙarasa da ke garin kawai."

Ban ji ba. A cikin jirgi ma'aikaciya ta miƙo mini ruwa, ina kai kofin baki ta dawo karɓa, wai sauka za mu yi. Dattijon da ke gefena ya ce mata, "'Yar nan, ni fa ko addu'ar tashi ban gama ba!"

Daga can kuma wata tasin, a kan hanyar da aka ce kwaltarta tana zuwa a kashi na biyu na aikin. Auta ta kira ni: "Mama, kin iso?"

Na ce, "Na dai sauka."

Da hantsi aka sa taron, ni kuwa sai gab da la'asar na isa ƙofar makarantar, ina ta shirya kalmomin ban haƙuri. Ina shiga na tarar da zaure cike, iyaye na fifita da takardun taro, ko buɗewa ba a yi ba. Ashe babban baƙo, Mai Girma Jagoran Yanka Zare, bai iso ba. Shi ma jirgi ya biyo.

Da aka kira sunan yarinyata ina layi na uku, na yi tafi har hannuwana suka yi zafi. Alhamdu lillahi.

Na sha yin ƙorafi a wannan shafi game da manyan da ba sa zuwa taro a kan lokaci. Yau na janye ƙorafin, amma na wannan makon kaɗai.